Daga korona zuwa 'yan bindiga: Yadda dare ya daina zama mahutar ɗaliban Zamfara

A ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar korona ta daina zama lamarin gaggawa da ya shafi duniya baki ɗaya. Kafin wannan rana ma an daɗe da jefar da takunkumin rufe hanci a Gusau, kasuwanni sun cika, masallatan Juma'a sun koma sahu kafaɗa da kafaɗa. Sai dai akwai abu guda da annobar ta ƙwace wa ɗaliban manyan makarantu, wanda babu sanarwar da ta mayar musu da shi, wato barcin dare a kan lokaci kuma cikin natsuwa.

Bahaushe ya ce dare mahutar bawa. Ma'ana, ko wanda ba shi da iko da wuninsa yana da iko da darensa. Ga ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke haya a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, ko ɗalibar Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe, wannan karin magana ta fara zama labarin da. Masu nasiha sukan ɗora laifin a kan wayar hannu da lalacin 'yan zamani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda ya bi tarihin shekarun 2020 zuwa 2024 daki-daki zai ga cewa mafi yawan abin da ya raba waɗannan matasa da barci hukunce-hukunce ne da aka yanke, ko aka ƙi yankewa, a ofisoshin Abuja da Gusau.

Wata goma babu lacca

An samu mutum na farko mai ɗauke da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas. Kafin Maris ya ƙare gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, ciki har da jami'o'i. A daidai wannan lokaci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, wadda ta fara yajin aikin gargaɗi ranar 9 ga Maris, ta tsunduma na sai-baba-ta-gani ranar 23 ga watan, kan rikicin tsarin biyan albashi na IPPIS da tsofaffin alkawuran da gwamnati ba ta cika ba. Ba ta janye ba sai ranar 23 ga Disamba. Jami'o'i ba su samu izinin komawa aji ba sai daga 18 ga Janairun 2021.

Wannan haɗuwar annoba da yajin aiki ita ce ta bambanta ɗalibin jami'ar gwamnati a Najeriya da takwarorinsa na ƙasashe da dama. Ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Wasu jami'o'i masu zaman kansu sun yi hakan. Amma a jami'o'in tarayya, wa zai koyar alhali malamai sun ajiye alli? Ɗalibin da ke Turai ko Amurka ya koma gida, amma yana da laccar ƙarfe tara da za ta tashe shi ko da a kwamfuta ce. Na Gusau kuwa ya koma gida ba lacca, ba jarrabawa, ba ranar komawa. Kusan wata goma ya yi babu abin da ke gaya masa yau Litinin ce ko Asabar.

A kan wannan aka ƙara dokar hana fitar dare a faɗin ƙasa, daga ƙarfe takwas na dare zuwa shida na safe, wadda ta fara aiki ranar 4 ga Mayun 2020, tare da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Majalisar samari ta bakin titi, gidan kallon ƙwallo, teburin mai shayi, duk wuraren da matashi ke sauke gajiyar wuni kafin ya kwanta, sun tashi. Hirar ta koma cikin waya. Kamfanonin sadarwa kuma sun daɗe suna sayar da data mai rahusa ta tsakar dare zuwa asuba, wadda ita ce daidai aljihun ɗalibin da mahaifinsa ya rasa ciniki saboda kulle. Talauci da kansa ya zaɓa masa lokacin da zai shiga intanet. Azumin Ramadan na wannan shekarar, wanda ya faɗo daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, ya zo a tsakiyar kullen. A sauran shekaru bayan Sallah aji ne ke mayar da mutum kan tsarinsa. A 2020 babu ajin da zai yi wannan aikin.

Abin da ya samu agogon jiki

Jikin ɗan Adam yana da agogonsa da ke zagayawa cikin kusan awa 24. Abubuwan da ke saita shi kullum sanannu ne: hasken rana da safe, duhu da dare, lokacin cin abinci, motsa jiki da cuɗanya da mutane. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari mai suna melatonin da ke shirya jiki ga barci. Haske mai ƙarfi da dare na jinkirta fitowarsa, kuma abin da mutum ke kallo a waya, musamman labaran tashin hankali, na hana tunani lafawa. Matasa 'yan shekara 18 zuwa 25 dama jikinsu ya fi karkata ga jinkirin kwanciya, ga shi masana sun ce suna buƙatar barcin awa bakwai zuwa tara.

Binciken da aka yi a wasu ƙasashe lokacin kullen ya nuna wani abu mai ɗaure kai. A Jami'ar Colorado ta Amurka an gano ɗalibai sun ƙara kusan rabin awa a kan lokacin da suke ba barci a ranakun aiki, amma lokacin barcin nasu ya ja baya da kusan minti 50. A Italiya ma matasa sun fi daɗewa a kan gado, amma suka ce barcin ya rage daɗi. Wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna fiye da mutum ɗaya cikin uku na fama da matsalar barci a lokacin annobar. Darasin shi ne, yawan kwanciya daban, hutawa daban. Wanda ya kwanta ƙarfe uku na dare, ya tashi sallar asuba, ya koma ya farka da hantsi ya dubi ludayi, zai iya cika awa takwas a lissafi, amma ya wuni jiki a mace.

A Zamfara akwai ƙarin nauyin da ɗalibin Colorado bai sani ba. Kullen ya fara ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Celsius, ga wutar lantarki sai an ga dama. Jiki na buƙatar ya ɗan huce kafin barci mai nauyi ya ɗauke shi, abin da ɗaki mai rufin kwano ba ya bayarwa a watan Afrilu. Maganin da kakanni suka sani shi ne shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko ƙofar gida. A ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, inda harin dare ya riga korona zuwa da shekaru, kwanan waje ya zama kasada.

Komawa aji da bashin barci

Da aka buɗe jami'o'i a 2021, hukumominsu da dama sun matse zangon karatu domin cike giɓin shekarar da ta salwanta. Abin da aka saba koyarwa cikin natsuwa aka dunƙule shi cikin 'yan makonni, hutu ya gajarce, jarrabawa ta riƙa bin jarrabawa. Ɗalibin da agogon jikinsa ya saba da kwanciyar ƙarfe uku ya wayi gari yana da laccar ƙarfe takwas. Kafin ya daidaita, ASUU ta sake tafiya yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. A lissafa: tsakanin Maris ɗin 2020 da Oktoban 2022, wata 31 ke nan, ɗalibin jami'ar tarayya ya shafe kusan 18 daga ciki a gida. Sau biyu ana kwance masa tsari, sau biyu ana cewa ya yi gudun cike giɓi.

Hanyar da ɗalibai suka sani ta cike giɓi ita ce karatun kwana, a zauna a aji har asuba da taimakon kofi, goro ko lemon ƙara kuzari. Sinadarin kafin da ke cikin waɗannan abubuwa yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka wanda ya sha da ƙarfe goma na dare yana tare da shi har asuba. Abin takaicin shi ne, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da aka karanta ta adana shi. Wani bincike da aka yi a kan ɗalibai 100 a jami'ar MIT ta Amurka, aka wallafa a 2019, ya gano cewa tsawon barci, ingancinsa da kuma kiyaye lokacinsa sun yi bayanin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin makin da ɗaliban suka samu. Barcin daren jajibirin jarrabawa shi kaɗai bai nuna wani tasiri ba, na makonnin da aka yi ana koyon darasin ne ya yi aiki. Wato kalandar da ke tilasta karatun kwana tana cin amanar ilimin da ake cewa ana ƙoƙarin cetowa.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya

Da a ce korona da yajin aiki ne kaɗai, da lokaci ya warkar da yawancin abin. Agogon jiki yana komawa daidai cikin 'yan makonni idan aka samu tsari mai ɗorewa. Amma a Zamfara, makonni kaɗan bayan buɗe jami'o'i, a daren 26 ga Fabrairun 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren Jangebe da ke Talatar Mafara. A watan Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura. A farkon Satumba, bayan sace ɗaliban sakandaren Kaya a Maradun, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni. Wayar da ake zargi da hana barci ta mutu, amma barci bai dawo ba, domin ɗalibin da iyayensa ke ƙauye ba shi da hanyar jin ko sun kwana lafiya.

Daga nan abin ya matso manyan makarantu na tsakiyar jihar. A watan Afrilun 2022 aka sace wasu ɗalibai mata na Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe daga gidan da suke haya a cikin gari. A 2023 aka riƙa ɗauki-ɗai-ɗai da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, har a watan Yuni ɗalibai suka fusata suka tare babbar hanyar da ta nufi Zariya. Sai kuma daren Juma'a, 22 ga Satumban 2023, lokacin da maharan suka shiga gidajen kwanan ɗalibai a Sabon Gida kafin asuba, suka tafi da aƙalla 24, mafi yawansu mata. Wasu daga cikinsu ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai a watan Afrilun 2024, bayan kusan wata bakwai a daji.

A lura da abin da ya haɗa hare-haren Tsafe da na Sabon Gida: cikin dare aka kai su, kuma a gidajen haya na wajen makaranta. Jami'ar Gusau, wadda aka kafa a 2013 zamanin Goodluck Jonathan, tana gefen gari, kuma ɗakunan kwanan da ke cikinta ba su wadaci ɗalibanta ba, shi ya sa da yawa suka bazu a unguwannin da ke kewaye da ita. Ɗalibar da ke kwana a irin wannan gida ta san cewa lokacin da ta fi rauni shi ne lokacin da barci ya yi nauyi. Don haka take barci da ido ɗaya. Haushin kare, ƙarar babur, bugun ƙofar maƙwabci, kowanne na iya tashinta zumbur. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun san wannan yanayi: jiki na zama cikin shirin gudu, sinadaran fargaba irin su kotizol ba sa sauka yadda ya kamata da dare, barci ya zama guntu-guntu, ga munanan mafarkai. Ba sai wadda aka sace kaɗai ke shiga wannan hali ba. Ƙawarta da ta ɓuya a bayan ƙofa, da wadda ta ji labari daga gida na gaba, duk suna iya ɗaukarsa.

Ciwo biyu, magani daban

A nan ne masu nasiha ke kuskure. Matsalar da korona ta haifar ta lokaci ce, agogo ne ya karkace. Wannan ɗalibi na da hannu a gyaranta, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tashi a lokaci guda kullum har da ranakun hutu, fita cikin hasken safiya maimakon komawa gado bayan asuba, barin kofi da goro tun daga la'asar, ajiye waya kafin kwanciya, da taƙaita ƙailula kada ta zarce rabin awa, duk abubuwa ne da ba sa buƙatar kasafin kuɗi.

Matsalar da 'yan bindiga suka haifar kuwa ta tsoro ce, kuma tsoron na da dalili. Wanda ya ce wa ɗalibar Sabon Gida ta kashe wayarta ta kwanta da wuri bai fahimci cewa wayar ce ƙararrawar da za ta sanar da ita maharan sun shigo unguwa ba. Babu dabarar barci da za ta maye gurbin katanga, fitila da jami'in tsaro.

Idan aka bar ciwon babu mai kula, matasa kan nemi maganinsa a kemis. Ƙwayoyin sa barci irin su diazepam, da maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta haramta shigowa da shi da sarrafa shi tun Mayun 2018, ba baƙi ba ne a garuruwan Arewa. Suna kawo barci a daren farko, sannan jiki ya saba, ya nemi ƙari. Likitoci na ɗaukar rashin barci a matsayin ciwo mai buƙatar kulawa idan ya kai dare uku a mako har tsawon wata uku, kuma abin da suka fi ba da shawara a fara da shi shi ne zama da ƙwararre a gyara ɗabi'u da tunanin da ke tattare da barci, kafin a kai ga ƙwaya. Rashin barci mai tsawo na tafiya kafaɗa da kafaɗa da ciwon damuwa, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Amma a ƙasar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ke kukan cewa mambobinta ba su kai 300 ba ga mutum fiye da miliyan 200, ɗalibin Tsafe zai yi tafiya mai nisa kafin ya ga ƙwararre. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka a takarda ba ta zama da ɗaliba ta saurari abin da ke hana ta rintsawa.

Tambayoyin da ya kamata a yi wa masu mulki

Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya tun 2015, ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a Oktoban 2021, sannan a Disamban 2022 ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026 na kimanin naira biliyan 144.8. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwamban 2023, ya kuma ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024. Alkawura ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya rage wa matasa masu bibiyar siyasa shi ne su auna su da ma'auni mai sauƙi wanda ba ya karɓar kwaskwarima: a ina ɗalibi ke kwana, kuma yana iya barci?

Daga wannan ma'auni tambayoyi ke fitowa. Gadaje nawa ne a cikin harabar Jami'ar Gusau idan aka kwatanta da yawan ɗaliban da take ɗauka duk shekara, kuma nawa asusun TETFund ya ware don ƙara su? Wannan tambaya ce ga hukumar jami'ar da 'yan majalisar tarayya masu wakiltar Gusau da Tsafe, da Bunguɗu da Maru. Kwalejin Tsafe ta jiha ce, don haka batun ɗakunan kwananta na wuyan gwamnatin jiha da majalisar dokokinta. Kafin a gina sababbi, wa ke da rajistar gidajen hayar da ɗalibai ke ciki, wa ke sintiri a kewayensu tsakanin sha biyun dare da asuba? Wane tanadi aka yi wa waɗanda suka dawo daga daji da abokan kwanansu, bayan hotunan tarba da jawaban godiya? Asibitin makaranta na da wanda aka horar ya tambayi ɗalibi yadda yake barci, ya kuma san lokacin da zai tura shi gaba? Sannan ga ASUU da gwamnatin tarayya: duk ranar da aka sasanta yajin aiki ana tattauna bashin albashi, amma ba a taɓa jin wakilin ɗalibai a teburin da ake yanke yadda za a matse kalanda ba.

Ƙungiyoyin ɗalibai ma na da nasu aikin. Sun iya fitowa kan ƙarin kuɗin makaranta, sun iya tare hanya bayan an sace 'yan'uwansu. Abin da ya fi wuya shi ne bibiya a lokacin da babu hari, a nemi alƙaluman gadaje, a halarci zaman kare kasafin kuɗi, a riƙe sunan wanda ya yi alkawari da ranar da ya yi shi. Zaɓe na zuwa, 'yan takara za su zo neman ƙuri'ar matasa da alkawarin tallafi da rancen karatu. Rance na biyan kuɗin rajista, amma ba ya sa wanda ya kwana a zaune ya fahimci laccar safe.

Waɗannan matasa su ne malaman makaranta, ma'aikatan asibiti da jami'an gwamnatin da Zamfara za ta dogara da su nan da shekara goma, a jihar da dama ke ƙarancinsu. Annoba ta zo daga nesa, babu gwamnan da za a tuhuma da kawo ta. Amma wata 18 na zaman gida, da gidajen haya marasa katanga a bakin daji, ayyukan mutane ne masu suna da muƙami, kuma mutane ne za su iya gyara su. Ranar da ɗalibar Sabon Gida ta kashe wayarta ta kwanta ba tare da ta ajiye takalmi da hijabi a kusa da kai don shirin gudu ba, ranar ce gwamnati za ta iya cewa ta fara cika alkawarin tsaron makarantu.